Ƙarfen Wuta a Hanyar Aljanu

A wani zamani da bai iso ba tukuna, amma mai kunne ya fara jiyo takunsa, sararin samaniya ya cika ya batse da ƙarafan 'yan Adam. Duk ƙasar da ta ji ta ƙoshi sai ta harba nata tauraron, duk attajirin da kansa ya kumbura sai ya harba goma. Wasu na kai magana, wasu na duba hadari, wasu kuwa ba su da sana'a sai leƙen gidan maƙwabci. In tauraro ya mutu a bar gawarsa can tana zagaye duniya. Har akwai masu ji da ƙarfi da suka riƙa farfasa tsofaffin taurarinsu da makami don kawai a san suna iyawa, tarkacen ya watsu ya zama bala'in kowa. Halin ɗan Adam ke nan. Ya ɓata tsakar gida, ya ɓata kogi, da ya ɗaga kai ya ga sama fes sai ya ji ba zai iya haƙuri ba.

A kan dutsen Zankaro akwai wani gini da ake kira Gidan Lura, inda ake raba wa taurarin nan hanya kada su yi karo. Shugabar wurin wata mata ce mai suna Yalwa, gajeriya, mai kaifin ido, ba ta wasa a bakin aiki. Ita ke cewa wannan ya hau, wancan ya kauce, wannan ya tsufa a sauko da shi ya ƙone a hanya. Ɗanta ɗaya tal a duniya, Tanimu, yana can sama da abokan aikinsa cikin wani babban kumbo da ake kira Zango, kuma shi ke riƙe da injinansa.

Yalwa na da wata ɗabi'a da ta gada wajen kakarta. Ba ta zubar da ruwan zafi a ƙasa sai ta yi bisimilla ta ce, "Gafara, ga zafi!" don 'ya'yan mutanen ɓoye su kauce. Haka ma in ta ɗauko tukunya daga murhu. Da wannan kira Tanimu ya tashi a kunne, in ya ji shi tsalle yake yi gefe kafin ya waiwaya, don ya san uwarsa ba ta maimaitawa. Sai dai ɗabi'ar nan a gida take barin ta in za ta fita aiki.

Wata ranar Laraba da hantsi, mataimakinta Malam Cindo ya kira ta da gaggawa.

"Hajiya, zo ki ga ikon Allah. Mushe ya juya."

Mushe suna ne da suka sa wa wani mataccen tauraro mai girman babbar mota, wanda ya daɗe ba mai a cikinsa balle rai. Yalwa ta dubi allo. Ga shi nan kuwa ya bar hanyarsa ya karkata, kai tsaye ya nufi hanyar Zango. Ta auna, ta sake aunawa. Kafin la'asar za su haɗu.

"Kira mini Zango," ta ce.

"Tun ɗazu nake kira, Hajiya. Ba a jin komai sai shuuu."

Bai rufe baki ba aka yi sallama a bakin ƙofa. Babu wanda ya juya sai Yalwa. Wani dogon mutum ne cikin farar riga, ya rusuna don kada kansa ya taɓa saman ƙofar, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa ƙasa. Ya tsaya daga waje yana duban na'urorin ɗakin kamar mai duban garwashi.

"Aminci gare ki, ya ke mai raba hanya. Ni ne Jagaba, mai gaban ayarin Magajiyar Sarari, sarauniyar aljanun sama. An ce in zo da ke. Mushen da kike kallo mu ne ke tura shi."

Yalwa ta matso bakin ƙofa. "Me muka yi muku?"

"A gaban Magajiya ake wannan tambaya. Cire duk ƙarfen da ke jikinki, mu ba ma haɗa hanya da shi."

Ta cire 'yan kunne, ta cire zobe da agogo, ta ajiye makullai. Waya ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana riƙe da ita, don ita kaɗai ce igiyar da ke tsakaninta da ɗanta, sannan ta sunkuya ta ɗora ta a kan sauran. Jagaba ya miƙa mata farin goro guda.

"Sa shi a kumatu, kada ki tauna. Muddin yana bakinki kina da numfashi. Amma ki sani magana ce ke cin sa. Ki auna kalmarki kamar gishirin miya."

Ya kama wuyan hannunta ya yi taku ɗaya, dutsen Zankaro ya koma kamar curin ƙasa a ƙarƙashinsu. Ya ƙara taku, suka keta gajimare. Shuɗin sama ya yi ta siracewa har ya koma baƙi ƙirin, alhali ga rana na nan tana ƙuna. Duniya ta kwanta a ƙasansu, shuɗiya, shiru.

Ba su yi nisa ba Jagaba ya ja birki. A gabansu wani abu ne ke kwarara kamar kogi, yana ƙyalli yana wucewa da gudun da ido ba ya bi. Kusoshi ne, da fasassun gilasai, da guntayen fukafukan taurari. A bakinsa aljanu ne jingim da raƙumansu ɗauke da kaya, sun yi cirko-cirko kamar fatake a bakin gulbin da ya kawo.

"Wannan da babbar hanyarmu ce," in ji Jagaba. "Yanzu Kogin Ƙaya muke ce masa. Idonmu ba ya kama ƙarfe sai ya iso kanmu. Da zuwa na rufe ido na tsallaka, sa'a ta fisshe ni. Ba na jin za ta yi mini sau biyu."

Yalwa ta zuba wa kogin ido. Ta san shi. Rabin rayuwarta ta yi tana kallonsa a allo, ta san tarkacen garke-garke yake tafiya, in wannan ya wuce akwai ɗan tsakani kafin na bayansa. Ba ta yi magana ba, goro take tattali. Ta riƙe hannun Jagaba ta jira, garke ya wuce, ta matse hannun. Suka afka. A tsakiya ta fizge shi baya, wani faifan ƙarfe ya gifta ta gaban hancinsu yana juyawa. Ta sake matsewa, suka yi gaba. Saura ƙiris su fita sai wani ɓarɓashin fenti da bai kai ƙwayar riɗi ba ya tsaga hannun rigar Jagaba ya yanki damtsensa. Wani abu kamar hayaƙi ya fara fita daga raunin. Ya dafe wurin suka ci gaba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Gaba kaɗan suka ratsa ta wani wuri mai duhu inda waɗansu baƙaƙen taurari suka laɓe, ba suna ba alama. Ɗaya ya juyo da idonsa ya bi su da kallo, wani siririn jan haske na lasar sararin da suka bari.

"Waɗannan na wane ne?" in ji Jagaba. "Sun makantar mana da raƙuma ba adadi."

"Ba mai amsa cewa nasa ne," Yalwa ta ce, ta ji goron ya rage a kumatunta.

Sai ga Mushe. Ya fi yadda ta zata muni, baƙi, duk ya huje. Ɗaruruwan aljanu sun jeru a bayansa da dogayen gorori suna tura shi kamar masu tura jirgin ruwa daga gaɓa, suna waƙar aiki, bakin gororin na hayaƙi. Can nesa ta hango wani ɗan haske na tahowa a natse. Zango ne. Ɗanta na ciki, wataƙila ma shayi yake sha. Ta buɗe baki za ta yi kururuwa, Jagaba ya girgiza kai.

"Ba za su saurare ki ba, umarni suke bi. Adana goronki."

Birnin Magajiya a rataye yake ba igiya ba ginshiƙi, ganuwarsa fara kamar gishiri. Amma duk rufin gidajensa ya huje kamar rariya. Ba kowa a dandali, ba yaro ko ɗaya a waje. Aka shigar da Yalwa wani babban zaure inda dattawa suka zauna a jere. Ga karaga nan ba kowa a kai. Magajiya na zaune a ƙasa kan tabarma, kanta ba ɗankwali, idanunta jajur.

Yalwa ta durƙusa. "Ranki ya daɗe."

"Ya ke 'yar Adam, shekaranjiya kin sauko da wani ƙarfe daga sama. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranki ya daɗe. Ya tsufa, na ji tsoron ya bugi wani. Na auna ya faɗa tsakiyar teku, inda babu kowa."

"Inda babu kowa!" Magajiya ta miƙe, zauren ya girgiza. "Tsakanin sama da teku fa? Ayarin yaranmu ne ke wucewa ta nan. Ya keto cikinsu yana cin wuta, autana na gaba. Ki saurara da kyau, Yalwa, don mun san ki. 'Yan'uwanmu da ke zaune a ƙarƙashin magudanar gidanki kullum yabonki suke, ba ki taɓa ƙona musu ko ɗan yatsa ba. Da wani jahili ne da mun ce bai sani ba. Amma wadda ta san ta ce gafara a kan ruwan buta, ita ce ta zubo dutsen wuta ba ta ce komai ba. Ɗa da ɗa. Hukuncina ke nan."

Yalwa ta san gaskiya Magajiya ta faɗa. Ta taɓa goron da harshe, ya kusa rabi. Ta zaɓi kalmominta.

"Laifi nawa ne, a ɗauke ni a madadinsa. In an ƙi, a dubi wannan. Idan Mushe ya bugi Zango, ba biyu za su rabu ba, dubu dubbai za su zama. Kowane guntu ya fasa wani tauraron, wancan ya fasa na gaba. Sama gaba ɗaya za ta koma Kogin Ƙaya. Ba ku da hanya, ba mu da hanya, har jikokin jikoki."

Dattawa suka fara duban juna suna gunaguni. Wani mai farin gemu ya ce, "Magajiya, maganar nan abin dubawa ce."

"Ku duba ta ku kaɗai," in ji Magajiya. "Mai ɗa a kwance ina ruwanta da hanya?"

Yalwa ta ɗago kai da sauri. "A kwance? Yana da rai?"

Magajiya ta juya ta shige ciki. Yalwa ta bi ta ba tare da an ce ta biyo ba.

Yaron na kwance rub da ciki, ɗan ƙarami, numfashinsa sama-sama. Tsakanin kafaɗunsa wani guntun ƙarfe ne mai tsawon ɗan yatsa ya nutse, yana nan ja zur kamar yanzu aka zaro shi daga maƙera.

"A jikinmu ba ya hucewa," in ji Magajiya, muryarta ta karye. "Masu maganinmu sun gwada, yatsunsu suka narke. Kullum ƙara nutsewa yake."

"Mu ƙarfe ba ya cin mu."

"Wuta fa?"

Yalwa ta duba ko'ina. Ba awartaki, ba hantsaki, a ina za a same su a garin da ba ƙarfe? Ta naɗe hannunta da mayafi ta kai, mayafin ya kama da wuta ya zama toka kafin ta taɓa. Saura hannu tsirara. Ta dubi hannunta na dama, wanda ya danna maɓallin shekaranjiya. Ta yi bisimilla, ta sunkuya kunnen yaron ta ce, "Gafara, ɗana." Sannan ta damƙi ƙarfen.

Zafin ya hau mata har tsakar ka. Ihu ya taso mata, ta danne shi da haƙora, don ihu ɗaya zai cinye goron. Ta ja, ƙarfen ya ƙi. Ta kafa gwiwa ta sake ja, ya fito. Jikinta duka ya ce ta yar, ta ɗaga hannu za ta wurga shi ta taga, sai ta tsaya. A wannan sarari abin da aka saki ba ya faɗuwa, zagayawa yake yi har ya sami bayan wani yaron. Ta mayar da hannun ƙirjinta ta dunƙule shi. Tana jin ƙaurin namanta, hawaye na zuba, ta riƙe shi har jan ya koma baƙi.

Yaron ya yi atishawa. Ya juyo ya ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Magajiya ta rungume shi tana kuka kamar kowace uwa. Sai ta daka tsawa, "Jagaba! A tsayar da Mushe!"

Jagaba ya ɓace, ya dawo fuskarsa a murtuke. "Ranki ya daɗe, gororin sun ƙone, Mushe ya ɗauki gudu. Turawa muka iya, tsayarwa ba mu iya ba. Wayar Zango da muka toshe kuwa, kafin a kwance ta an riga an haɗu."

Magajiya ta ajiye ɗanta. Ta kwance zanenta na sama, ta durƙusa ta ba Yalwa baya. "Hau."

"Ranki ya daɗe, Zango ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa," in ji Jagaba.

"Na sani."

Ta goya Yalwa kamar jaririya ta ɗaure, ta yi tsalle. Ba su bi ta hanya ba, kai tsaye ta keta. Tarkace na wuce su dama da hagu, Yalwa na matse mata kafaɗa da hannun hagu, Magajiya na kaucewa duk lokacin da aka matsa. Suka wuce Mushe yana tafe yana juyawa a hankali. Da suka doshi Zango, fatar Magajiya ta fara tashi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ba ta rage gudu ba har sai da ta kai Yalwa jikin wata 'yar taga.

Ga Tanimu nan a ciki, ya juya baya, ya duƙufa kan matacciyar wayar yana kwance ta. Sandar injin na kusa da gwiwar hannunsa. Yalwa ta lalubi goron da harshe, bai fi ƙwayar gero ba. Ba zai isa ta ce masa Mushe ba, balle ta faɗi daga ina yake tahowa, balle ta yi masa bayanin yadda aka yi uwarsa ke bayan taga da zanen atamfa. Inuwar Mushe ta fara hawa jikin Zango.

Ta manna goshinta a gilashin, ta tattara duk abin da ya rage mata.

"Gafara, ga zafi!"

Hannun Tanimu ya kai wa sandar duka kafin kansa ya juyo. Injina suka yi aman wuta, Zango ya zabura sama. Mushe ya gifta ta ƙarƙashinsa, kusa har tagar ta yi duhu, ya wuce bai taɓa komai ba. Sai a lokacin Tanimu ya waiwaya.

Goron ya ƙare. Yalwa ta nemi numfashi ta rasa, idonta ya rufe. Ta ji an lulluɓe ta da zane, an hura mata wata iska mai sanyi a hanci, muryar Magajiya na kusa da kunnenta.

"Mun biya juna, 'yar'uwa. Daga yau in za ku hau ko za ku sauko, ki yi kira mu kauce. Mushe kuwa mu muka tayar da shi, mu za mu kai shi teku ranar da kika ce."

Ta farka a bakin ƙofar Gidan Lura, 'yan kunnenta da wayarta na nan inda ta bar su. A ciki Malam Cindo na ta kabbara, yana cewa Zango ya tsira, waya ta dawo. Da ya fito ya ga hannunta sai ya ruga kiran likita. Likitoci sun yi iya yinsu, hannun bai ƙara buɗewa ba, guntun ƙarfen na nan a ciki.

Tun daga ranar ta kafa doka a Gidan Lura. Ba abin da zai hau ko ya sauko sai an sanar da duk mai tauraro a sama, sannan ita da kanta ta fita kan dutse ta yi kira ta lasifika, ta ɗan jira. Wasu sun yi dariya, wasu sun bi. Masu baƙaƙen taurarin nan kuwa har yau ba su ce gafara ga kowa ba, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Da wa'adin Tanimu ya cika ya sauko gida. Ya iske ta a bakin murhu tana kokawar ɗaga tukunyar ruwan zafi da hannun hagu. Ya dubi dunƙulallen hannun ya daɗe.

"Inna, na ga gefen zanenki a taga. Mai ganyen nan kore."

"Ka dai ga abin da ka gani," ta ce. "Matsa in wuce."

Bai matsa ba. Ya karɓi tukunyar daga hannunta ya kai bakin magudana. Ya yi bisimilla, ya ce, "Gafara, ga zafi," sannan ya tsaya bai zuba ba.

Daga can sama, nesa ƙwarai, wata 'yar muryar yaro ta amsa, "Mun kauce."

A nan labarin ya sauka lafiya, bai ƙona kowa ba.